Furen Kuɓewa a Gaban Jauro

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na ce zan koyi zanen fure ba, kuma ba don ta yi mini daɗi ba. Wahala ce zalla. Duk wanda ya ce maka zane hutu ne, bai taɓa zama a kan kujera 'yar tsugunno da ciwon ƙugu ba, yana kallon fure guda har rana ta take, sauro na cin ƙafarsa.

Ni mai fentin gidaje ne. Makaranta ban wuce firamare ba, ita ma ba a rabu da daɗi ba. Tun ina saurayi nake kan tsani da bokiti da rola, kuma ba yabon kai ba, gidaje da yawa a unguwar Abbare, nan Jalingo, hannuna ne a bangonsu. Ana nan sai na faɗo daga tsani a wani bene da ake ginawa a hanyar Sunkani, ƙugu ya goce. Likita ya dube ni ya ce ni da tsani sai dai kallo. Na dawo gida na zauna.

Namijin da ya saba fita tun safe, in ya zauna a gida bala'i ne. Na fara sa ido a kan abin da babu ruwana. Na san yawan ashanar da Hajara matata take ƙyastawa kafin wuta ta kama, na san wace maƙwabciya ce ke aron turmi ba ta mayarwa da wuri. Sai na lura Hajara ta fara daɗewa a kasuwa.

Wata rana Malama Rahila ta zo duba ni. Tsohuwar malamar makaranta ce da na taɓa yi wa fentin gida lokacin bikin 'yarta. Ta zo da wani akwatin gwangwani na marigayi mijinta, cike da fentin mai a 'yan ƙananan mazubai irin na man goge haƙori, da burushi sirara kamar tsinken tsire. Ta ce, "Baban Ummi, kai da fenti kun san juna. Kullum ka zana abu ƙarami guda ɗaya, kamar tafin hannu. Ko ya yi kyau ko bai yi ba, gobe ka yi wani. Kada dai ka tsallake rana." Ta kuma nuna mini yadda mijinta yake auna abu kafin ya zana: ka miƙe hannu da burushi, ka rufe ido ɗaya, ka gwada tsayin bishiya da babban yatsa.

Na yi mata godiya, a raina ina cewa ni da na yi wa bene fenti, tafin hannu ne zai gagare ni? Na tambayi limamin unguwarmu, ya ce fure da dutse da kogi babu laifi, in dai bar mutum da dabba. (Wannan bai dame ni ba, don dama babu mutumin da zai yarda ya zauna mini.) Na je wajen wani kafinta na kwaso guntayen katako marasa kauri, na fara.

A nan na gane fentin bango daban, wannan daban. Na bango ka shafa da safe, da la'asar ya bushe. Wannan kuwa sai ya yi kwana da kwanaki yana danƙo, balle a daminar Jalingo da ko rigar da aka shanya sai ta ga dama. Ƙuda ya sauka ya maƙale. Ka haɗa rawaya da kore kana neman ganye, ka ɗan ƙara ja, sai ka ga miyar kuka. Ka ƙara fari don ka gyara, ta koma miyar kukar da aka tsinka da ruwa. Duk da haka ban tsallake rana ba. Kullum in na gama sai in jingina a bangon tsakar gida, Hajara ta wuce ta duba ta ce, "Sannu da ƙoƙari." Ni kuwa na ɗauka abin ne ya fi ƙarfin bakinta.

Da na gama da abin da ke cikin gida, har da bishiyar gwandar maƙwabta da ke leƙowa ta katanga, sai na fara fita. Bayan sallar asuba in ɗauki kujerata da akwatina, in hau keke napep zuwa wajen Mayo Gwoi, in taka a hankali zuwa bakin kogi. A can na samu wata gona da ta shiga raina. Kunyoyin doya a jere, kuɓewa a gefe tana fure, wani tsohon mangwaro a kusurwa, kogi a baya, can nesa kuma duwatsu sun yi shuɗi. Furen kuɓewa, in ba ka taɓa tsayawa ka duba ba, rawaya ne mai haske, cikinsa ja kamar an ɗiga jini. Shekaru ina shan miyarta ban san haka take ba.

Matsalarsa ɗaya: da safe yake buɗewa, kafin azahar ya tsuke bakinsa, gobe kuma wani ne zai buɗe a wani wuri. Ni kuma hannuna ba sauri. Sai ya zama yau ina nan, gobe ina can, jibi in so in koma inda na zauna shekaranjiya don in gyara dutse ko mangwaro, in rasa wurin. Sai na yi dabara. Duk inda na zauna, in sari ɗan itace in kafa a ƙasa, in goga masa jan fenti a ka don in hango shi cikin ciyawa. Ja na zaɓa saboda shi ya fi yawa a akwatin. A hankali na kewaye gonar nan da turaku masu jan kai, tun daga hanya har bakin ruwa, ina ta yaba wa kaina hankali.

Ban taɓa tambayar gonar wa ce ba. Ina hango wani dattijo can ciki yana duƙe, na ɗaga masa hannu sau ɗaya bai ɗaga ba, na ce girman kai ne, na rabu da shi. Matan da ke wucewa da wanki kuma, da sun iso kusa da ni sai hira ta mutu, sai sun yi nisa ta tashi. (Na ɗauka kwarjini ne. Ka ji fa.)

Ranar da abin ya faru Asabar ce, da hantsi. Na miƙe hannu, na rufe ido ɗaya, ina auna mangwaron nan. Da na buɗe ɗaya idon sai na ga mutane. Ba su da yawa sosai, amma sun isa. Dattijon nan ne a gaba, adda a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma rungume da turakuna gaba ɗaya, an tuge su. Sunansa Baba Bitrus, daga baya na sani.

Ya ce, "Sannu da aiki, Oga."

Na ce, "Yawwa, sannu Baba."

"Nawa aka saya?"

"Me fa?"

"Gona na. Ina so in ji kuɗin ne kawai, tunda ni mai shi ba a gaya mini ba."

Na yi dariya, don na ɗauka wasa ne. Babu wanda ya taya ni. Dattijon ya zube turakun a gabana ya ce haka aka yi wa ƙanensa a ƙetaren kogi. Wani ya yi ta zuwa da safe yana leƙe-leƙe da ido ɗaya, aka wayi gari da turaku masu jan fenti, kafin a girbe masara motar rusau ta shigo, yanzu gidajen mutane ne a wurin. Ya ce shi ya yi makonni yana kallona, yana jira ya ga ranar da zan kawo masu saye.

Na ce ni fure nake zanawa. Wata mata ta ce, "Ƙaton mutum da furfura, fure." Wani ya ce a kwantar da ni tukuna a yi maganar daga baya. Baba Bitrus ya hana, ya ce a je wajen Jauro, mai unguwar wurin ke nan.

Haka muka jera. Ni a tsakiya ina ɗingishi, na tallabo zanen ranar a tafin hannu kamar mai kai wa surukai tuwo, don bai bushe ba. Wani ya ɗauko kujerata a ka, wai shaida ce. Duk ƙofar da muka wuce sai an ƙaru, ina jin ana cewa an kama ɗan safiyo mai awon fili, wasu na cewa dillalin filaye ne. Wata tsohuwa ta leƙo ta ce dama ta san fuskata, ni na sayar da filin cocinsu.

Jauro dattijon Bafulatani ne, siriri, mai magana a hankali kamar ba ya son ta ƙare. Yana zaune a kan tabarma a ƙofar gidansa. Ya saurari Baba Bitrus har ya gama, ya saurare ni, sannan ya ce maganar mai sauƙi ce. In abin da ke hannuna taswirar gona ce, to ya fi ƙarfinsa, sai ofishin 'yan sanda, kuma ba zai iya rantsuwa cewa zan isa can da haƙorana duka ba. In kuwa ba ita ba ce, kowa ya koma aikinsa. Ya miƙo hannu na ba shi.

Ya duba. Ya juya shi. Ya sake juyawa. Ya nisanta shi da fuskarsa, ya matso da shi.

Ya ce, "Malam, ina ne sama?"

Na nuna masa. Ya ce to, ya miƙa wa na kusa da shi. Zanen ya fara yawo hannu zuwa hannu, kowa na riƙe shi ta gefe. Wani ya ce ƙwai ne aka soya ya kama. Wani ya ce a'a, fitilar mota ce cikin ruwan sama. Matar nan mai maganar furfura ta ce ita dai ta ga kamar ciwon da ya taɓa fito wa ɗanta a ƙafa. Da ya iso hannun Baba Bitrus, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan ba gona na ba ne. Ko shekarar da ruwa ya ci shi bai zama haka ba."

Jauro ya gyara zama ya ce, "To alhamdu lillahi. Ka ga ke nan babu..."

Ka ga a nan, mai hankali shiru zai yi. An buɗe mini ƙofa, saura in ɗauki kujerata in yi godiya in tafi. Amma wani abu ya taso mini tun daga ciki. Tun asuba nake kan zanen nan. Mangwaron kaɗai sau nawa na goge na sake. A ce wai ƙwai?

Na ji bakina yana cewa, "Ranka ya daɗe, gonarsa ce."



Na karɓe zanen, na durƙusa a gaban Jauro da ƙugun nan nawa, na fara bayani da tsinken burushi. Na ce ga furen kuɓewa a gaba. Ga kunyoyin doya. Ga hanyar da ake shigowa. Ga kogi ta gabas. Ga mangwaro a kusurwa, daidai inda gonar Baba ta ƙare ta maƙwabcinsa mai masara ta fara, ga ma iyakar na ja ta da kore mai duhu, duk wanda ya san wurin yana gani zai gane.

Wani daga baya ya ce, "Kun ji ko? Iyaka. Da bakinsa."

Hayaniya ta tashi sabuwa. Baba Bitrus ya sake karɓar zanen yana duba inda na nuna, yana gyaɗa kai, wai yanzu kam ya fara gani. Kuma wallahi, don ka san irin wautata, daɗi na ji da ya faɗi haka.

Jauro ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Malam, ni ina ƙoƙarin in sallame ka, kai kana ƙoƙarin ka kwana a sel ɗin 'yan sanda. Wa ya san ka a garin nan?"

Na ce matata. Ya ce in kira ta. Na kira Hajara na gaya mata inda nake, na ce ta kwaso duk zanen da ke gida ta zo da su. Lissafina shi ne in an ga sauran, za a san ana magana da mai sana'a.

Ba a daɗe ba keke ya tsaya, ta fito da bahon wanki a ka. Ta sauke, ta durƙusa ta gaida Jauro, ta gaida Baba Bitrus, ni kuwa ko kallo ban samu ba. Aka fara fito da aikina na damina guda. Wasu sun manne da juna sai da aka ɓamɓare. Ɗaya da ƙudansa biyu a jiki. Aka shimfiɗa su a kan tabarma kamar kayan gwanjo.

Jauro ya ce, "'Yata, mijinki me yake yi da waɗannan?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ma tun farkon damina nake so in tambaye shi. Na ga dai tunda ya fara ya daina bina madafa yana ƙirga mini ashana, shi ya sa na yi shiru."

Aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Jauro ya ɗaga ɗaya ya ce wannan mene ne. Ta ce, "In ji shi, gwandar maƙwabtanmu ce." Ya ɗaga wani. Ta karkata kai ta ce wannan kam ba ta sani ba, amma ranar da ya yi shi an yi ruwa, wataƙila shi ya sa. Ya ɗaga na uku, wanda na fi ji da shi duk cikinsu, fitowar rana a kan duwatsu. Ta ce, "Wannan shi nake jinginawa a bakin akurki. Tunda na sa shi shaho bai ƙara sauka ba."

Na ce, "Hajara."

Ta ce, "Baban Ummi, gaban manya ne, ba zan yi ƙarya ba." Sannan ta juya wajen Baba Bitrus. "Baba, mijina mai fentin gida ne, ya faɗo daga tsani, ba shi da fili ko na ɗaure akuya. In dai da wannan zanen za a sayar da gonarka, je ka yi barcinka. Wanda ya saya zai shekara yana nema bai same ta ba. Shi kansa mai zanen ai sai da ya kafa itace yake gane inda ya zauna."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Jauro ya rufe baki da gefen rawaninsa, kafaɗunsa na rawa. Wanda ya ce a kwantar da ni ya zauna a kan kujerata yana share hawaye. Ni ina durƙushe a tsakiya, hannu duk fenti, ga aikina a baje, kaji na zagayawa suna leƙawa su ma.

Amma duk wannan bai kai abin da Baba Bitrus ya yi ba. Shi bai yi dariya sosai ba. Ya ajiye addarsa, ya zo ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce, "Yi haƙuri, ɗan'uwa. Ban san ciwo ne ba. Da kan ka faɗo?"

Na ce da ƙugu ne.

Ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi," da muryar wanda bai yarda ba.

Jauro ya yanke hukunci. Ya ce babu taswira, babu 'yan sanda. Laifina ɗaya, na shiga gonar mutum na yi makonni ban nemi mai ita na gaishe shi ba, kuma wannan ko yaro ya san ba daidai ba ne. Turaku kuma a kai wa matar Baba ta hura wuta. Na ce na gode. Aka taya Hajara mayar da kaya cikin baho, wata mata har tana tambaya ko za a bar mata ɗaya, ita ma shaho ya dame ta.

Muka shiga keke muka hau titi. Can na ce, "Da kin gaya mini tun a gida."

Ta ce, "Ka taɓa tambayata?"

Gaskiyarta, ban taɓa ba. Da muka kusa gida ta ce, ba tare da ta dube ni ba, wai rawayan da nake sa wa furen nan yana da kyau, shi kaɗai. Na kuwa ji ta sarai.

Abin da na koya ba shi da yawa. In za ka zauna a gonar mutum, fara neman mai ita. In matarka ta ce sannu da ƙoƙari, ƙoƙarin take nufi. In kuma rashin iyawarka na shirin fitar da kai daga hannun hukuma, ka rufe bakinka ka bar shi ya yi aikinsa.

Washegari na so in tsallake, ƙugu na ciwo, kunya ta fi ƙugun. Amma na tashi na ɗauki akwatin. Na sayi goro a hanya, na tambayi gidan Baba Bitrus, na yi sallama, na ce na zo neman izinin zama a gefen kuɓewarsa. Yana shirin tafiya coci, amma ya ce akwai sauran lokaci, ya raka ni da kansa, ya ma riƙe mini kujera. Ya zauna a kan kunya cikin kayansa na Lahadi yana kallon hannuna har na ajiye burushi. Fure ɗaya na yi, babba, a tsakiyar katakon, ban sa masa komai a baya ba.

Ya leƙo ya duba da kyau. Ya ce, "Yawwa, yau kam ya fito. Agwagwa ce ko?"

Na ce masa eh, agwagwa ce.